Peugeot 504

Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo, mota ce ƙirar Faransa da ta fara fitowa a shekarar 1968. Kamfanin PAN ya riƙa harhaɗa ta a Kaduna daga 1975 zuwa 2006. Ta yi suna wajen jure gargada, domin tana da tsayi daga ƙasa, sifirinta mai laushi ne, tayoyinta kuma masu kaurin gefe, shi ya sa fasinja ba ya jin ramuka sosai. Wannan ya sa direbobin haya suka rungume ta a hanyoyi irin ta Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada da Doguwa. Yawancin ƙananan motocin zamani sun fi ta tauri da kusanci da ƙasa, amma sun fi ta riƙe kwana da kare fasinja idan aka yi hatsari.