Tarihin Majami'ar Sen Tomas ta Filadelfiya da Limamanta

A birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka akwai wata tsohuwar majami'a da a ke kira Sen Tomas. Ita ce ta fari da baƙaƙen fata suka kafa wa kansu cikin ɗariƙar Efiskofal, watau reshen cocin Ingila da ya tsaya da ƙafarsa bayan Amurka ta sami mulkin kai. Wanda ya kafa ta kuwa bawa ne da ya sami 'yanci, sunansa Absalom Jones.

An haifi Jones a 1746 a ƙasar Delawaya, cikin bauta. Tun yana yaro ya kan tara 'yan kwabban da a ke ba shi kyauta, ya sayi littafin koyon baƙaƙe, har ya iya karatu. Yana ɗan shekara goma sha shida ubangidansa ya sayar da uwarsa da 'yan'uwansa, ya taho da shi Filadelfiya ya sa shi aikin kanti. Da rana ya na ɗaurin kaya, da dare ya na zuwa makarantar da wata ƙungiyar Kirista mai suna Kwaka ta buɗe wa baƙaƙe.

A 1770 ya auri wata baiwa, Mary. A dokar ƙasar a lokacin, ɗa uwarsa ya ke bi: in baiwa ce, shi ma bawa ne. Saboda haka Jones ya fara fansar matarsa tukuna, domin a haifi 'ya'yansa cikin 'yanci. Shi kansa bai sami 'yanci ba sai 1784.

A wannan zamani shi da abokinsa Richard Allen suna wa'azi ga baƙaƙe a wata majami'ar Metodis mai suna Sen Joj. A 1787 suka kafa wata jam'iyyar taimakon juna ta 'yantattun baƙaƙe, kowa na zuba ɗan abu kowane wata, a na taimakon marasa lafiya da zawarawa da marayu. Amma da yawan baƙaƙe ya ƙaru a Sen Joj, sai Turawan majami'ar suka fara ƙyashin wurin zama. Wata Lahadi Jones ya na durƙushe a na addu'a, sai wani mai kula da majami'ar ya kama shi ya na ja, wai ya tashi ya koma baya. Jones ya roƙa a bar shi a gama addu'a, aka ƙi. Da aka shafa, baƙaƙen suka miƙe gaba ɗaya suka fita.

Daga nan suka ƙudura gina tasu. Suka yi karo-karo, waɗansu Turawa kuma suka taimaka, musamman wani likita mai suna Benjamin Rush. Ana cikin gini, a 1793, annobar zazzaɓin shawara ta faɗa wa Filadelfiya, wadda ita ce hedkwatar ƙasar a lokacin. Mutum wajen dubu biyar suka mutu, masu hali suka gudu ƙauye. Likita Rush ya zaci ciwon ba ya kama baƙar fata, ya roƙi Jones da Allen su kawo mutanensu. Suka ajiye gini, suka shiga jiyya da ɗaukar gawa da haƙa kabari. Zaton likitan kuwa kuskure ne, gama baƙaƙe da yawa sun mutu, Allen ma ya kwanta. Duk da haka wani mai ɗab'i, Mathew Carey, ya rubuta cewa sun tsawwala kuɗin jiyya, sun kuma yi sata. A 1794 Jones da Allen suka buga ɗan littafi suka mayar masa da amsa, har da lissafin abin da suka karɓa da abin da suka kashe daga aljihunsu.

Ran 17 ga Yuli 1794 aka buɗe majami'ar. Galibin jama'a suka zaɓi shiga ɗariƙar Efiskofal. Allen bai yarda ya bar Metodis ba, sai ya kafa tasa mai suna Betel, amma abutarsu ba ta yanke ba. Mutanen Sen Tomas suka kai wa Bishop William White sharuɗɗa uku: a karɓe su a dunƙule, su riƙa gudanar da sha'anin majami'arsu da kansu, a kuma naɗa Jones limami in an ga ya cancanta.

To, a nan ne gizo ya ke saƙa. Ƙa'ida ita ce ba a naɗa limami sai ya san Girkanci da Latin, Jones kuwa bai yi wannan karatu ba. A 1795 majalisar lardi ta ɗauke masa wannan ƙa'ida, amma ta sa nata sharaɗi: Sen Tomas ba za ta aiko da limami ko wakili zuwa taron majalisa ba. Watau an ba su gida, an hana su baki. Suka auna, suka ga in sun ƙi, ba su da limami nasu, sai suka karɓa. A wannan shekara aka naɗa Jones dikon, watau mataimakin limami, bayan 'yan shekaru kuma ya zama cikakken limami, baƙar fata na fari da ya kai wannan matsayi a ɗariƙar.

Jones bai tsaya ga wa'azi kaɗai ba. Ya buɗe makaranta, ya kuma sa hannu a takardar koke da baƙaƙen birnin suka aika wa majalisar dokokin ƙasa a kan fataucin bayi. Ran 1 ga Janairu 1808, ranar da dokar hana shigo da bayi daga Afirka ta fara aiki, ya yi huɗubar godiya a Sen Tomas, aka buga ta aka rarraba. A 1816, sa'ad da aka naɗa Allen bishop na sabuwar ɗariƙarsa, Jones na cikin waɗanda suka ɗora masa hannu. Ya rasu ran 13 ga Fabrairu 1818.

Bayan rasuwarsa majami'ar ta daɗe ta na dogara ga limamai Turawa, domin baƙaƙen da aka naɗa kaɗan ne ƙwarai. Sai a 1834 William Douglass ya zo daga Baltimo. Ya riƙe ta shekara ashirin da takwas, ya na ta neman a soke sharaɗin nan na 1795, majalisa na ƙi. Shi ne ya tattara tsofaffin takardun majami'ar ya buga tarihinta a 1862, kuma cikin shekarar ya rasu. A 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, shekarar da Shugaba Lincoln ya yi shelar 'yanta bayin Kudu, majalisar ta buɗe wa Sen Tomas ƙofa. Shekara sittin da takwas ke nan ana jira, kuma daga Jones har Douglass ba wanda ya ga ranar.

Daga baya majami'ar ta yi ƙaura ba sau ɗaya ba, ta na bin jama'arta, har ta zauna a yammacin birnin. Ɗariƙar Efiskofal kuwa, wadda ta hana Jones kujera a majalisa, ta sa sunansa cikin jerin bayin Allah da ta ke tunawa da su, ta keɓe masa 13 ga Fabrairu kowace shekara.