Tukuicin gano ɓaraka a manhajojin kuɗin kirifto

Tukuicin gano ɓaraka tsari ne da kamfanoni ke bi na biyan duk masanin kwamfutar da ya gano wata kafa da ɓarayi za su iya bi su kutsa cikin manhajarsu, muddin ya tsegunta musu a asirce maimakon ya ci gajiyarta.

Tsarin ya daɗe a harkar kwamfuta, to amma a fannin kuɗin kirifto ne abin da ake biya ya kai matsayin da ba a saba gani ba. A shekarar 2022, masu manhajar Wormhole sun biya wani mutum guda, wanda ba a san shi da wani suna ba sai satya0x, dala miliyan 10 saboda rahoto ɗaya tak.

Asali

Kamfanin Netscape na Amurka ne aka fi dangantawa da fara wannan tsari a zamanin intanet, lokacin da ya yi shelar ba da lada a shekarar 1995 ga masu gano kurakurai a manhajarsa ta Navigator. Mozilla ya bi sahu a 2004 da tayin dala 500, sai Google a 2010, sannan Facebook a 2011. A 2016 ita kanta ma'aikatar tsaron Amurka ta gayyaci masu kutse su gwada ƙarfin shafukanta.

A tsakanin masu wannan sana'a, ana kiran wanda ke kutse domin kai rahoto mai farar hula, shi kuwa mai yi domin sata mai baƙar hula. Iliminsu ɗaya ne, kayan aikinsu ma ɗaya ne.

Abin da ya sa kirifto ya sha bamban

Bulokcen wani kundi ne na hada-hada da dubban kwamfutoci a sassan duniya ke riƙe da kwafinsa iri ɗaya, ba tare da wani banki ko hukuma a tsakiya ba. Akasarin manhajojin da ke tafiyar da shi a buɗe suke, kowa na iya karanta su layi bayan layi, da mai neman gyara da mai neman ɓarna.

Sannan kuma kuɗin a cikin manhajar suke zaune. Idan aka yi wa banki kutse, yana iya dakatar da asusu ko ya dawo da kuɗin da aka tura. A bulokcen kuwa, abin da ya shiga kundi ya shiga ke nan, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

An ga misalin farko tun Bitcoin na jariri. A watan Agustan 2010 wani ya yi amfani da kuskuren lissafi a manhajar ya ƙirƙiro tsabar Bitcoin sama da biliyan 184, alhali adadin da aka ƙayyade za a taɓa samarwa miliyan 21 ne kacal. An fitar da gyara cikin sa'o'i, kuma kasancewar masu amfani da kuɗin ba su da yawa a lokacin, ya yiwu aka shafe wannan hada-hada daga kundin.

Shekaru shida bayan haka lamarin bai zo da sauƙi ba. A watan Yunin 2016 an kwashe tsabar Ether kusan miliyan uku da dubu 600 daga wani asusun zuba jari da ake kira The DAO a kan Ethereum. Taƙaddama kan ko ya dace a sauya kundin domin dawo da kuɗin ita ce ta raba Ethereum gida biyu, aka samu Ethereum da Ethereum Classic.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da wannan fanni, wato yadda za a toshe ɓarakar ba tare da an nuna wa ɓarawo hanya ba. Babu mutum ɗaya da zai danna maɓalli ya sabunta dukkan kwamfutocin. Sai an roƙi masu su su sauke sabuwar manhaja, kuma duk mai ido zai iya kwatanta ta da tsohuwar ya gane abin da aka gyara.

Shi ya sa a watan Satumbar 2018, da wani masani mai laƙabin Awemany ya kai rahoton wata ɓaraka a babbar manhajar Bitcoin, da farko an shaida wa jama'a ne kawai cewa tana iya durƙusar da kwamfutoci. Sai bayan 'yan kwanaki aka bayyana cewa tana iya bai wa mutum damar ƙirƙirar kuɗi daga babu. Masu kuɗin Zcash sun ma fi haka haƙuri: sun gano irin wannan ɓaraka a watan Maris na 2018, suka toshe ta a watan Oktoba cikin wasu gyare-gyare, ba su faɗa wa duniya ba sai a Fabrairun 2019.

Yadda ake biya

Galibi kamfani kan wallafa jerin manhajojin da ya amince a bincika, da matakan haɗari, da kuɗin da ke kan kowane mataki. Mataki mafi girma shi ne na ɓarakar da ke iya kai wa ga satar kuɗi, ko ƙirƙirarsu, ko tsayar da kundin baki ɗaya.

Ana buƙatar mai rahoto ya kawo hujja ta hanyar gwada harin a kan kwafin gwaji, ba a kan kuɗin jama'a ba, ya kuma kama bakinsa har sai an gyara. Wanda ya riga kai rahoto shi ke da tukuicin. Wasu kamfanonin kan nemi shaidar ko wane ne mutum kafin su biya, abin da da yawa daga masu sana'ar ba sa so.

Akwai dandalai da ke shiga tsakani kamar dillalai, irin su HackerOne da Immunefi. Na biyun, wanda aka kafa a ƙarshen 2020 domin harkar kirifto kaɗai, ya yi ta kiran a riƙa biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin da ke cikin haɗari. Hujjar a fili take: idan mutum na iya sace dala miliyan 100, tayin dala dubu biyar ba zai sauya masa tunani ba.

Daga nan ne aka shiga gasar manyan alƙaluma. Polygon ya biya Gerhard Wagner dala miliyan biyu a watan Oktoban 2021, kan ɓarakar da ta jefa kimanin dala miliyan 850 cikin haɗari. A Fabrairun 2022 Optimism ya biya Jay Freeman, wanda ya yi suna da manhajar Cydia ta wayoyin iPhone, dala miliyan biyu da 'yan kai. Aurora ya biya dala miliyan shida a wannan shekara.

Gidauniyar Ethereum ta ninka tukuicinta sau huɗu zuwa dala miliyan ɗaya gabanin babban sauyin da aka yi wa tsarin a watan Satumbar 2022. A Nuwamban 2024 Uniswap ya yi shelar tayin da ya kai dala miliyan 15 da rabi. Sai dai irin waɗannan alƙaluma iyakar abin da za a iya biya ne, kuma suna da amfanin talla ga kamfanonin. Akasarin rahotanni ba sa samun ko kusa da haka.

Su ma masu binciken na da ƙorafi, domin kamfanin da zai biya shi ne ke yanke hukuncin girman ɓarakar. A 2022 wani mai laƙabin 0xriptide ya karɓi Ether 400 daga Arbitrum, amma ya fito fili ya ce abin da ya gano ya cancanci cikakken tukuicin dala miliyan biyu.

Tukuici ko kuɗin fansa?

Inda lamarin ya fi sarƙaƙiya shi ne idan an riga an kwashe kuɗin. A watan Agustan 2021 wani ya sace sama da dala miliyan 600 daga Poly Network, sannan ya riƙa mayar da su kaɗan-kaɗan. Kamfanin ya yi masa tayin dala dubu 500 da muƙamin babban mai ba da shawara kan tsaro.

Tun daga lokacin, ya zama ruwan dare kamfanin da aka yi wa sata ya aika wa ɓarawon saƙo ta cikin kundin cewa ya riƙe wani kaso ya dawo da sauran. Sunan tukuici ake ba shi, amma ya fi kama da cinikin fansa.

Irin wannan yarjejeniya ba ta ɗaure hannun hukuma. A watan Oktoban 2022 Avraham Eisenberg ya kwashe kusan dala miliyan 110 daga Mango Markets, ya ce dabarar kasuwanci ce da doka ba ta hana ba. Ya mayar da miliyan 67, aka amince ya riƙe sauran. Duk da haka an kama shi a Puerto Rico a watan Disamba, kuma wata kotu a New York ta same shi da laifi a Afrilun 2024. A watan Mayun 2025 alƙalin ya soke hukuncin, bisa dalilan da suka haɗa da cewa ba a New York ya kamata a yi shari'ar ba.

Tukuicin kuma bai shafi kowace irin sata ba, domin wasu daga cikin mafiya girma ta hanyar yaudarar ma'aikata da satar mabuɗan sirri aka yi su. Haka aka kwashe sama da dala miliyan 600 daga Ronin a watan Maris na 2022. A Fabrairun 2025 kuma aka sace kimanin dala biliyan ɗaya da rabi daga kasuwar Bybit, bayan an yaudari jami'anta suka sa hannu kan wata hada-hada ta bogi. Hukumar FBI ta ɗora alhakin duka biyun kan masu kutse na Koriya ta Arewa.

Bybit ya mayar da martani da wani nau'in tukuicin na daban, inda ya yi alƙawarin kashi 10 cikin 100 na duk abin da aka ƙwato ga waɗanda suka taimaka wajen bin sawun kuɗin da kuma dakatar da su.