Amsoshin Takardunku: Tsohuwar Motar Tsere, Hawa Ake Yi Ko Ajiya?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi, ya aiko mana da takarda yana cewa ya ji a labaran duniya an sayar da wata tsohuwar mota a ƙasar Jamus a kan kuɗin da ya fi ƙarfin lissafi. Shi ne yake tambaya, wai shin masu sayen irin waɗannan motoci hawa suke yi, ko kuwa ajiyewa suke yi suna kallo? In ajiyewa ne, ina amfanin motar da ba a hawa?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka. Tambayar da ka yi, su kansu masu motocin sun shafe shekaru fiye da hamsin suna gardama a kanta, saboda haka sai ka gyara zama mu ɗauko maka zancen daga tushe.

Motar da ka ji labarinta ƙirar Mercedes-Benz ce, samfurin 300 SLR mai rufi, wadda aka ƙera a shekarar 1955. Guda biyu tak aka yi irinta. A watan Mayu na 2022 kamfanin ya yi gwanjon ɗaya a birnin Stuttgart a kan kuɗin Turai yuro miliyan 135, ya riƙe ɗayar a gidansa na adana kayan tarihi. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, injiniyan da ya ƙera ta, Rudolf Uhlenhaut, ɗaya daga cikin biyun ita ce motar da yake hawa yana harkokinsa. A wancan zamani ba wanda ya ɗauke ta a kayan ajiya.

Ka san su waɗannan motoci domin gudu aka yi su. A ƙasar Italiya akwai wani tsere da ake kira Mille Miglia, watau mil dubu, wanda aka fara a 1927. Ana tashi daga garin Brescia a je birnin Rum a komo, kimanin kilomita 1,600 ke nan, kuma a kan hanyar da kowa ke bi, ta cikin ƙauyuka da duwatsu. A 1955 wani direba ɗan Ingila mai suna Stirling Moss ya ci wannan tsere da irin 300 SLR ɗin nan marar rufi, cikin awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48. In ka raba, kusan kilomita 158 ke nan a kowace awa, har da tsayawa shan mai. An rubuta wa motar lamba 722 a jiki, domin ƙarfe 7 da minti 22 na safe aka sallame shi.

Amma fa gudun nan ya ci rayuka. A watan Yuni na wannan shekara ta 1955, a tseren Le Mans na ƙasar Faransa, wata 300 SLR ta yi tsalle ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu. A ƙarshen shekarar Mercedes ta janye daga tsere, shi ya sa masu rufin nan guda biyu ba su taɓa shiga gasa ba. Sa'an nan a 1957 tayar wata Ferrari ta fashe a tseren Mille Miglia, direban da abokin tafiyarsa da 'yan kallo 9 suka rasu, 5 daga cikinsu yara ne. Daga nan aka soke tseren.

To, a wancan lokaci in motar tsere ta yi shekara biyu ko uku, ta zama tsohon yayi, sai a sayar da ita da araha a nemi sabuwa. Ɗauki misalin Ferrari 250 GTO, wadda aka ƙera guda 36 kacal tsakanin 1962 da 1964, sabuwarta dalar Amurka 18,000. Bayan ta gama cin gasarta, darajarta ta faɗi har aka ba wata makarantar sakandare a jihar Texas kyautar ɗaya, domin ɗalibai su koyi kanikanci da ita. Daga baya wannan motar ta shafe shekaru a yashe a wani fili, ruwa da rana suna dukanta. Irin wannan mota ce aka sayar da 'yar'uwarta a gwanjo a 2018 a kan dala miliyan 48 da dubu 400. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa.

Da kuɗi ya shigo cikin lamarin, sai aka samu masu tarawa suna kullewa. Waɗanda suka fi shahara su ne wasu 'yan'uwa biyu, Fritz da Hans Schlumpf, masu masaƙun ulu a yankin Mulhouse na gabashin Faransa. Fritz ya kamu da son motar Bugatti, ya dinga saye ba ji ba gani. A 1964 ya sayi Bugatti 30 a tashi ɗaya daga hannun wani Ba'amurke. Ya ware wani ɓangare na masaƙar, ya ɗauki masu gyara suna aiki a asirce, ya jera motoci fiye da 400, cikinsu Bugatti fiye da 120, kuma sai wanda ya ga dama yake bari ya gani. Ana cikin haka kasuwar tufafi ta karye, masaƙun suka durƙushe a 1976, ma'aikata suka rasa abin yi. A watan Maris na 1977 ma'aikatan suka kutsa cikin ginin, suka tarar da wannan dukiya a jere tana sheƙi, alhali su ba su san inda za su sami abincin gobe ba. 'Yan'uwan biyu dai sun riga sun tsere zuwa Suwizalan. Ma'aikatan suka riƙe wurin kusan shekara biyu suna buɗe wa jama'a, gwamnatin Faransa kuma ta sa motocin cikin kayan tarihin ƙasa don kada a watsar da su. A 1982 aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihi, kuma har yanzu ana zuwa kallo. Ka ga wannan ajiya ta tsirar da motoci masu yawa daga hannun 'yan gwangwan, sai dai ta zo wa masaƙa da baƙin ciki.

Akwai kuma ajiyar da ta zama sakaci. Wani mai kamfanin sufuri a yammacin Faransa, Roger Baillon, ya tara tsofaffin motoci da niyyar buɗe gidan tarihi, sai kasuwancinsa ya karye a shekarun 1970. Motoci kusan 60 suka zauna a ƙarƙashin rumfunan kwano shekara da shekaru, tsatsa ta cinye wasu, ciyawa ta fito ta cikin wasu. Da aka yi gwanjonsu a birnin Paris a watan Fabrairu na 2015, wata Ferrari da aka samu a cikin gareji an jibga mata tulin mujallu ta kawo fiye da yuro miliyan 16. Waɗanda aka bari a rumfa kuwa, da yawansu sai dai a sake ƙera rabin jikinsu.

A nan kai manomi ka fi kowa ganewa. Injin ban-ruwan da ka jingine bayan noman rani, ba ka tayar da shi ba har shekara ta zagayo, ai ka san halin da kake samunsa. Haka mota take. In ta daɗe a tsaye, fetur yakan lalace ya yi danƙo ya toshe kafireto. Robobin da ke hana mai yoyo sukan bushe su tsage. Man birki yakan ja danshi, tsatsa ta kama birkin daga ciki. Baƙin mai yakan tsiyaye ƙasa ya bar ƙarafan sama a bushe. Taya takan baje ta gefen da ta zauna, batir ya mutu, ɓeraye su yi gida a kujeru su cinye wayoyi. Wannan ita ce babbar hujjar masu cewa a hau: injin da ba ya zagawa mutuwa yake yi a tsaye.

Ɓangare na uku su ne masu kwalliya. Tun 1950 ake yin wata gasar nuna kyawun motoci a Pebble Beach, a bakin teku a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda ake jera su a kan ciyawa alƙalai su bi suna dubawa. Domin cin wannan gasa da ire-irenta, sai masu kuɗi suka shiga kwance mota gaba ɗaya har ƙusa, a kankare tsohon fenti, a yar da tsohuwar fatar kujeru, a goge kowane ƙarfe, motar ta fito ta fi yadda ta bar masana'anta kyau. Daga nan kuma sai tsoron hawa ya kama mai ita, don kada tsakuwa ta ƙwarzane fentin. A cikin tirela mai rufi ake kai ta wurin gasa, a cikinta ake komo da ita. Har Amurkawa suka laƙaba wa irin wannan mota wani suna na ba'a mai ma'anar sarauniyar tirela. Abin ya ƙara tsanani bayan rasuwar Enzo Ferrari a 1988, lokacin da farashi ya yi tashin gwauron zabo, mutanen da ba ruwansu da tuƙi suka dinga saye don su sayar. Ba a daɗe da shiga shekarun 1990 ba kasuwar ta faɗi, da yawa suka tafka asara.

Sai daga baya masana suka farga cewa garin gyaran gira ana rasa ido. Motar da aka sauya mata fenti da kujeru da rabin bodi, me ya rage na wadda direban ya ci tsere da ita? Fenti dai kullum ana iya sake shi, amma na asali in an kankare ya tafi ke nan. Saboda haka ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta fito da wasu ƙa'idoji da ake kira Yarjejeniyar Turin, suka fara aiki a 2013. A taƙaice abin da suka ƙunsa shi ne, a bar kayan asali gwargwadon iko, sauye-sauyen da mota ta samu a zamanin aikinta su ma tarihi ne, duk gyaran da aka yi a rubuta shi, kuma a riƙa hawan motar har a kan titi, domin ta haka ne na baya za su san yadda ake sarrafa ta. A 2024 kuwa aka ga abin da ba a taɓa gani ba a Pebble Beach: babbar kyauta ta tafi ga wata Bugatti ta 1934 da ba a yi wa irin wancan gyara ba, da tsohon fentinta da tabon tsakuwa a jiki. Motar ta taɓa zama ta Sarki Leopold na Uku na ƙasar Beljiyam.

Su kuma masu son hawa ba su zauna ba. A 1977 aka farfaɗo da Mille Miglia, amma yanzu ba wanda ya riga isa ake nema ba, wanda ya fi kiyaye lokacin da aka yanka masa ake nema, kuma sai samfurin motocin da suka shiga tseren na da ake karɓa. A Ingila kuma, tun 1998 ake taron Goodwood a watan Satumba, inda motocin da aka ƙera kafin 1966 suke tsere na gaske, kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci har da gogayya.

Hawan ma yana da nasa hasara, kada ka ce mun ɓoye maka. A 2012, yayin da masu 250 GTO ke rangadin cikar motar shekara 50 a Faransa, ɗaya ta yi karo da wata mota a kan hanya, sai da aka mai da ita kamfanin Ferrari aka yi mata doguwar jinya. Duk ƙarfen da aka sauya a irin wannan gyara, wani yanki ne na asali ya tafi. Shi ya sa wasu suka samo dabara: sai su cire injin asali su adana, su sa wani da aka ƙera daidai da shi su yi tsere. Wadda kuma tarihinta ya yi nauyi ƙwarai, akan ɗaga mata ƙafa. Lamba 722 ɗin nan, bayan rasuwar Stirling Moss a 2020, an zaga da ita titunan Landan a 2021 don tunawa da shi, sa'an nan aka mai da ita gidan tarihi a Stuttgart.

To Malam, amsar tambayarka ke nan: akwai masu kullewa, akwai masu kwalliya, akwai masu hawa. Amma inda ra'ayin masana ya fi karkata yanzu shi ne tsakiya. Abin ya yi kama da dokin hawan salla. Mai shi ba zai ɗora masa buhunan masara ba, amma in ya ɗaure shi a turke shekara guda ba kilisa, ran salla ba zai kai shi ko'ina ba. Haka masu hankali cikinsu ke yi: mota tana cikin ɗaki marar danshi, ana fitar da ita lokaci-lokaci a yi tafiya har injin ya ɗauki zafi sosai, ana sauya baƙin mai da man birki ko da ba a yi nisa ba, a wanke a shafa mata man goge fenti, tabon da ta samu a fagen tsere kuwa a bar mata abinta. In za a sayar, mai saye yakan nemi takardun da ke nuna hannun da ta bi da gyaran da aka yi mata, kuma sau da yawa wadda ke da injinta na asali ta fi wadda ta sha kwalliya tsada.

Da fatan ka gamsu. Sauran masu takardu kuma ku yi haƙuri, muna tafe da amsoshinku a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.