Ƙofa, jakada da muhtasibi: Yadda daular Sakkwato ta riƙa sa ido a kan masu mulki

Duk daular da ta yi faɗi tana fuskantar tambaya guda: ta yaya mai mulki zai san abin da wakilansa ke aikatawa a inda idonsa ba ya kaiwa? Daular Sakkwato ta amsa wannan tambaya da muƙamai uku, waɗanda tasirinsu ya kai har ƙauyukan da ke kewaye da Kano, irin su Minjibir.

Ƙofa

Kowace masarauta tana da wani babban mutum a Sakkwato wanda ta hannunsa al'amuranta ke isa ga Sarkin Musulmi. Shi ake kira ƙofa. Ƙofar Kano shi ne Waziri, muƙamin da ya tabbata a gidan Giɗaɗo ɗan Laima tun zamanin Muhammadu Bello. Waziri kan yi rangadin masarautun gabas, ya saurari ƙorafi, ya sasanta rikici, ya duba harajin da ake aikawa, sannan ya kai takardar naɗin sabon sarki.

Jakada

A cikin ƙasar Kano kuwa, hakimai a birni suke zaune, ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu kuma a warwatse suke. Jakada ne ke zirga-zirga tsakani. Shi ke isar da umarni ga dagaci, ya karɓo kuɗin ƙasa da zakka da kuɗin karofi, ya komo da labari. A yanki mai cunkoson gonaki da masaƙa kamar Minjibir, jakada shi ne fuskar hukuma da talaka ya fi sani. Matsalar ita ce, mai karɓar harajin shi ne kuma mai ba da rahoto, don haka kukan manomi ba lallai ne ya wuce bakinsa ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun tilasta wa hakimai komawa gundumominsu da zama, abin da ya rage ƙarfin jakadu.

Muhtasibi

Wannan shi ne mai sa ido ta fuskar addini. Aikinsa umarni da kyakkyawa da hani da mummuna a bainar jama'a, musamman a kasuwa: duba mudu da ma'auni, da hana algus. Hukumar Hisba ta Jihar Kano, wadda aka kafa da doka a 2003, daga wannan tushe ta samo sunanta.

Inda tsarin ya gaza

A ƙarshen 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, lokacin Waziri Buhari yana cikin birnin. Bisa umarnin Sarkin Musulmi Abdurrahman, Waziri ya naɗa Tukur, ɗan marigayin, duk da cewa 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suna da goyon baya mai yawa. Sai suka fice zuwa Takai ƙarƙashin jagorancin Yusufu, Basasar Kano ta ɓarke. Bayan rasuwar Yusufu, Aliyu Babba ya karɓi ragama ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Daga bisani Sakkwato ta amince da sarkin da ba ita ta zaɓa ba. Wanda aka aiko ya zama mai sasantawa ya wayi gari yana ɓangare guda a rikicin.

A wasu dauloli

Sarakunan Sifaniya ma sun riƙa tura masu bincike na musamman zuwa yankunan da suka mallaka a nahiyar Amurka, kamar yadda limaman coci ke kewaya yankunansu. Jose de Galvez ya yi irin wannan aiki a Meksiko daga 1765 zuwa 1771. A Peru kuwa, ƙarin harajin da mai bincike Jose Antonio de Areche ya tsananta yana cikin dalilan tawayen Tupac Amaru na 1780.

A Kano da Peru, abin da ya faru iri ɗaya ne: mai binciken yana amsa wa wanda ya aiko shi ne kaɗai, waɗanda aka je dubawa ba su da wata hanyar ƙalubalantarsa sai tawaye. Tambayar tana nan a yau game da masu binciken kuɗin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, ciki har da Minjibir: wa ke naɗa su, kuma gaban wa suke kai rahoto?