Fahimtar sakamakon gwajin ƙarancin jini a Tasawa da Mayahi

Hemogulobin ake fara dubawa. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024, yaro mai wata 6 zuwa 23 na da ƙarancin jini idan awon ya gaza giram 10.5 cikin desilita, mai wata 24 zuwa 59 kuwa idan ya gaza 11. Ƙasa da 7 abin ya tsananta, a garzaya asibitin gunduma.

Lambar dai ba ta faɗin dalili. A Tasawa da Mayahi, da damina zazzaɓin cizon sauro ake fara zargi, shi ma yana ɗaga feritin har ya ɓoye ƙarancin sinadarin ƙarfe. Ƙanƙancewar jajayen ƙwayoyin jini kan nuna ƙarancin ƙarfe, girmansu fiye da kima kuwa ƙarancin folat ko B12. A bincika sikila da tsutsar ciki.