BABI NA BIYU: TARIHIN MIƘA GUZURI GA DIREBOBIN MAIKUROKWANTUROLA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda masu rubuta umarnin kwamfuta suka riƙa miƙa bayani ga ƙunshin umarni, tun daga kwamfutocin farko har zuwa zamanin da manhaja ta karɓi aikin rubuta direbobi. Kafin a yi nisa, ya kamata a fayyace wasu kalmomi. Maikurokwanturola ita ce 'yar ƙaramar kwamfutar da aka harhaɗa a kan ƙwaya ɗaya, irin wadda ake samu a cikin mitar lantarki da injin wanki da mota. Ƙunshin umarni shi ne jerin umarnin da aka laƙaba wa suna domin a riƙa kiransa duk sa'ad da bukata ta taso. Direba ƙunshi ne mai sarrafa wani sashe na na'urar, kamar ƙafar da ke kunna fitila ko layin aika saƙo. Guzuri kuwa, a wannan bincike, shi ne abin da mai kira ke haɗa ƙunshi da shi, misali lambar ƙafa ko yawan haruffan da za a aika. Manufar babin ita ce a nuna cewa duk da sauƙin da aka samu, alhakin sanin abin da aka miƙa bai taɓa barin wuyan mai rubutu ba.

2.1 Asalin Miƙa Guzuri

An fara tsara kiran ƙunshin umarni sosai a kan kwamfutar EDSAC ta Jami'ar Kambirij a Ingila, wadda ta fara aiki a shekarar 1949, kuma David Wheeler ne ya ƙirƙiro dabarar da ƙunshi zai koma inda aka kira shi bayan ya gama. A wancan lokaci mai rubutu da kansa yake ajiye guzuri a wurin da aka yi ittifaƙi a kai. Harshen FORTRAN II na 1958 ya sauƙaƙa wannan, inda aka fi miƙa adireshin wurin da bayani yake a ma'adana. Daga nan sai harshen C, wanda Dennis Ritchie ya samar a Amurka a 1972, ya zaɓi miƙa kwafin bayani, ta yadda wanda ke son a taɓa ainihin abinsa dole ya miƙa adireshi da gangan. Sai dai C na farko ba ya duba ko guzurin ya dace da abin da ƙunshi ke jira. Ƙa'idar ANSI ta 1989 ce ta kawo bayyana nau'in kowane guzuri tun da farko, domin tafinta, wato manhajar da ke juya rubutu zuwa harshen na'ura, ya iya gano kuskure.

2.2 Zamanin Ƙarancin Ma'adana

Da aka zo kan maikurokwanturola, sai ƙarancin wuri ya zama babbar matsala. Kamfanin Texas Instruments ya fitar da TMS1000 kasuwa a 1974, Intel kuma ya fitar da 8051 a 1980 da ma'adanar wucin gadi mai bayit 128 kacal. Saboda haka tafintan Keil C51 yakan sa guzuri har guda uku a cikin rajistoci, wato 'yan ma'adanan da ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar, sauran kuma ya ajiye su a ƙayyadaddun wurare. Illar wannan ita ce, idan na'ura ta katse ƙunshi yana tsaka da aiki, aka kuma sake kiran wannan ƙunshin, sabon guzuri zai hau kan tsoho ya shafe shi. Wannan ya tilasta wa mai rubutu sanin inda kowane bayit ya sauka. An sami sarari ne da zuwan ƙwayoyin ARM masu bit 32, waɗanda ƙa'idarsu ta tanadi rajistoci huɗu, r0 zuwa r3, domin guzurin farko, ragowar kuma a jibge su a ma'adana.

2.3 Zuwan Direbobin da Manhaja ke Rubutawa

Yayin da sassan na'ura suka yawaita, littafin bayanin ƙwaya ɗaya ya kai shafi dubu ko fiye, sai kamfanoni suka fito da manhajojin da mutum zai zaɓi abin da yake so a allo, su kuma su rubuta masa direbobi. A nan aka rabu gida biyu. Manhajar PSoC Creator ta kamfanin Cypress, wanda Infineon ya saye a 2020, takan cusa sunan sashe a cikin sunan ƙunshi. Idan aka kira ƙafa LED, za a sami LED_Write, guzurinsa kuwa 1 ko 0 ne kawai. Wannan yana da sauƙin karantawa, amma wanda ke son ƙunshi ɗaya ya sarrafa fitilu goma ba shi da lambar da zai miƙa, sai dai ya miƙa adireshin ƙunshin kansa.

Gida na biyu shi ne na STM32CubeMX, wadda STMicroelectronics ya fitar a 2014. A nan ƙunshi ɗaya ne ke yi wa dukkan layuka iri ɗaya hidima, kuma guzuri ne ke faɗin wanda ake nufi. Alal misali, HAL_UART_Transmit yana karɓar abu huɗu: adireshin bayanan layin, da adireshin saƙon, da tsawonsa, da iyakar lokacin jira.

2.4 Abin da Ya Rage a Wuyan Mai Rubutu

Duk da wannan ci gaba, akwai kurakuran da tafinta ba ya gani. Na farko, ƙunshin HAL_UART_Transmit_DMA yana dawowa tun kafin a gama aika saƙo. In aka ba shi adireshin wurin ajiya na ɗan lokaci, wurin zai koma hannun wani aiki, sai shirme ya fita a layi. Na biyu, wanda ya auna tsawon adireshi a maimakon tsawon saƙo zai aika bayit 4 kawai. Na uku, wanda ya ƙara guzuri a cikin direban da manhaja ta rubuta zai rasa gyaransa ranar da aka sake rubutawa, domin STM32CubeMX tana kiyaye abin da ke tsakanin alamomin USER CODE ne kaɗai. A na'urar da ke auna magani ko riƙe birki, irin wannan sakaci na iya jawo asarar rai.

2.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa tambayar da mai rubutu ke fama da ita ta sauya sau biyu. A zamanin EDSAC da 8051 tambayar ita ce a ina za a ajiye guzuri. Bayan 1989 ta koma wane nau'i ne. A zamanin direbobin manhaja kuwa ta zama wa ke da wurin da aka miƙa, kuma har yaushe zai zauna. Babi na gaba zai gwada tsarin gidajen nan biyu a aikace.