Tarihin Koyon Karɓar Haihuwa da Mutum-mutumi

Koyon karɓar haihuwa da mutum-mutumi hanya ce da ɗalibar ungozoma ke saba hannunta a jikin kwaikwayo kafin ta taɓa mace mai naƙuda. Ya daɗe sosai kafin zuwan kwamfuta.

Wadda ta fi shahara a farkonsa ita ce Angélique du Coudray, ungozoma a Faransa. A 1759 Sarki Louis na 15 ya ba ta izinin zagaya lardunan ƙasar tana koyar da matan karkara, saboda yawan mata da jarirai da ke mutuwa wajen haihuwa. Ta ɗinka ƙugun mace da yadi da fata, ta cusa masa auduga, ta haɗa da 'yar tsana mai cibiya, har da tagwaye. An bar bakin jaririn a buɗe, domin ɗaliba ta koyi sa yatsa ta sunkuyar da kansa idan ya zo ta ƙafa. Wannan dabara ce ta wadda ta sha ganin haihuwa ta gardama da idonta. Ta yi ta koyarwa har 1783, kuma ɗaya daga cikin kayan nata yana nan a wani gidan tarihi a birnin Rouen.

Kwamfuta ta shigo a 1967 da Sim One, wanda aka ƙera a Jami'ar Kudancin Kalifoniya don masu koyon sa barcin tiyata. Daga baya kamfanin Gaumard ya fito da Noelle, mutum-mutumi mai naƙuda da haihuwa. Sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin asibitoci.

Mai araha ne ya fi ceton rai. Shirin taimaka wa jarirai su yi numfashi, wanda aka ƙaddamar a 2010, yana amfani da NeoNatalie, jaririn roba da ake cika shi da ruwa. Binciken da aka buga a 2013 kan asibitoci takwas na Tanzaniya ya nuna mutuwar jarirai a ranar haihuwa ta ragu da kashi 47 cikin ɗari bayan an fara shirin a can.

Yanzu an kai ga tabarau na musamman da ake maƙala wa wayar salula: ungozoma ta sa shi, sai ta ga kanta a ɗakin haihuwa, ga jariri ya faɗo bai yi kuka ba, agogo na tafiya. An gwada shi a kan nas-nas da ungozomomi a Legas da yammacin Kenya, domin a ga ko zai hana a manta abin da aka koya bayan watanni, aka buga sakamakon a 2021.